Don Allah masana ku taimaka: allurar tsinka jini da deksa ga mai ciwon huhu na korona, meye gaskiyar lamarin?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiyan da ke nan. Babanmu ne ke kwance a asibiti, abin ya fara kamar mura da zazzaɓi, daga baya numfashi ya fara yi masa wuya ko banɗaki ya je sai ya dawo yana haki kamar wanda ya yi gudu, muka kai shi aka gwada aka ce korona ce ta sauka huhu. Yanzu haka yana kan oksijin ta hanci.

Abin da ya ɗaure min kai magungunan ne. Kullum nas za ta zo ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa gefen cibiya ta yi masa wata 'yar ƙaramar allura, wai ta tsinka jini ce, Clexane, kuma kuɗinta ba wasa ba mu ke saya. Sai kuma deksametason wanda ni dai a sanina shi ne mata ke sha don ƙiba. Na tambayi likita ya ce min saboda kumburi da gudan jini ne ya wuce, ban ga laifinsa ba marasa lafiya sun masa yawa. Toh ni ban gane ba, ciwon huhu me ya haɗa shi da jini?

Sannan kawunmu ya turo wani saƙo a WhatsApp ɗin gida, wai likitocin Italiya sun feɗe gawa sun gano korona ba bairos ba ce bakteriya ce mai daskarar da jini, wai asfirin da antibayotik sun wadatar ba a buƙatar oksijin ko injin numfashi, yana ta cewa asarar kuɗi kawai muke. Ga kuma Hajiyarmu ita ma ta fara tari da ciwon jiki a gida, tana da suga, amma numfashinta ƙalau tana ta hidimarta. Yayata ta ce mu sayo mata deksa da asfirin a kemis tun abin bai yi nisa ba tunda ai irinsu ake ba Baba. Mu saya ko kar mu saya? Wallahi kaina ya kulle.

Likita Daga Arewa ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba Baba da Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Bari in fara da na gaggawa: kar ku sayo wa Hajiya deksa, kar ku sayo mata asfirin. Ku kai ta a duba ta yau, a auna oksijin ɗinta da suganta. Sauran bayanin ga shi nan yana zuwa amma wannan dai ka riƙe shi tukuna.

Ciwon nan in ya yi tsanani zango biyu ne. Satin farko bairos ɗin ne ke hayayyafa a hanci da maƙogwaro da huhu, kuma a lokacin garkuwar jiki ce ke aikin korar sa. Yawancin mutane nan abin ke tsayawa su warke. Amma wasu, galibi daga ƙarshen satin farko zuwa na biyu, bairos ɗin ma ya fara raguwa amma garkuwar jikin ta ƙi tsayawa, ta yi ta zuba sinadaran yaƙi a huhu har 'yan jakunkunan iskar nan su kumbura su cika da ruwa, oksijin ya kasa ratsawa zuwa jini. Kamar gidan ƙasa ne da ya kama da wuta, 'yan kwana-kwana sun kashe wutar amma ba su daina feshi ba, yanzu ruwan ne ke rushe katangar. Deksa aikinsa ya rage wannan feshin. Kaga kenan in ka ba wanda har yanzu yana zangon farko, ka ɗaure hannun garkuwar jikinsa ne a lokacin da yake buƙatarta.

Wannan ba ra'ayina ba ne, an gwada. A Ingila jami'ar Oxford ta jagoranci wani babban gwaji mai suna RECOVERY, suka fitar da sakamako ranar 16 ga Yuni 2020. Mutum 2,104 aka ba deksametason miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana 10, aka kwatanta su da mutum 4,321 da ba a ba su ba. Cikin waɗanda ke kan injin numfashi, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 41 cikin 100 zuwa 29. Masu oksijin kawai irin Baba, daga 26 zuwa 23. Amma waɗanda ba su buƙatar oksijin ko kaɗan, ba su amfana ba, hasali ma waɗanda aka ba ɗin sun ɗan fi mutuwa, kusan 18 a kan 14. Shi ya sa a Satumbar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba masu tsananin ciwo, kar a ba masu sauƙi. Baba yana rukuni na biyu, Hajiya tana na uku, maganin ɗaya ne amma hukuncin ba ɗaya ba.

Sai batun jini. Kowace jijiyar jini akwai wani siririn shimfiɗi a cikinta mai santsi da ke hana jini maƙalewa. Kumburin nan yana ƙuje shi, in ya ƙuje jiki sai ya ɗauka rauni aka ji ya fara haɗa gudan jini don toshewa, ga hanta tana ƙara fitar da sinadaran daskarewa, ga mutum kwance ba motsi, ga zazzaɓi ya ƙone ruwan jiki jini ya yi kauri. Duk sun haɗu. Sai ka samu ƙananan gudaje cikin jijiyoyin huhu, ko babba ya haɗu a ƙauri ko cinya ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe huhu lokaci ɗaya, irin wanda za ka ga mutum ya fara samun sauƙi har ana murna, ya miƙe zai shiga banɗaki ya faɗi. A Hamburg ta Jamus a 2020 sun binciki gawa 12, bakwai akwai gudan jini a jijiyoyin ƙafa da ba a sani ba, huɗu toshewar jijiyar huhu ce ta kashe su kai tsaye. A Holan kuma cikin mutum 184 da ke sashen kulawa ta musamman kashi 31 cikin 100 sun samu matsalar gudan jini. Allurar cibiyar nan rigakafin wannan ce, yawanci miligiram 40 a rana in ƙoda lafiya take, in ƙodar ta raunana a rage ko a canja zuwa wata allurar tsinka jinin, hefarin na asali.

Saƙon kawu kuwa tun Mayun 2020 yake yawo, an ɗauki gaskiya guda ɗaya, wato akwai gudan jini, aka lulluɓe ta da ƙarya. Korona bairos ce ba bakteriya ba. Asfirin ɗin ma an gwada shi a RECOVERY ɗin a kan mutum kusan 15,000, miligiram 150 kullum, mutuwa ta tsaya kashi 17 ga waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, gudan jini ya ɗan ragu zubar jini ya ɗan ƙaru. Azitromaisin, wanda antibayotik ne, shi ma an gwada bai rage mutuwa ba. Ka ba kawu haƙuri cikin ladabi, amma kar wanda ya taɓa oksijin ɗin nan.

Mai Haɗa Magani ya rubuta:

Dakta ya gama magana, ni dai zan ƙara daga inda nake tsaye wato bayan kanta. Abin da ya fi ɗaga min hankali a tambayar nan shi ne Hajiya tana da suga. Deksa yana harba suga sama sosai, mai ciwon suga in ya sha a gida ba mai aunawa, kwana kaɗan za ka ga ƙishirwa da yawan fitsari da magagi, daga nan sai suma, a kawo ta asibiti ba don tarin ba sai don maganin. A asibiti ma da ake ba Baba ai ana auna sugansa akai-akai, wasu har sai an sa musu insulin na ɗan lokaci ko da can ba su da ciwon.

Ku tuna abin da ya faru a Indiya a 2021, lokacin da ciwon ya yi musu yawa aka yi ta rabon sitiroyid, wato su deksa, ba ƙa'ida, da yawa masu suga ne, sai ga wata cutar fangas da ake kira baƙin fangas ta ɓarke, tana cin hanci da ƙashin fuska da ido, dubban mutane suka kamu, wasu sai da aka cire musu ido kafin a ceci ransu. Mu kuma nan ga tarin tibi da ke kwance a jikin mutane da yawa ba su sani ba, sitiroyid na iya tayar da shi. Ga masu olsa, ka haɗa musu deksa da asfirin ko diklofenak kan ciki ba abinci, jini ya ɓalle. Ga 'yan sikila, su kuma sitiroyid kan jawo musu tashin ciwon ƙashi bayan an daina, dole sai likitan da ya san su ya auna.

Kuma ɗan uwa da ka ce maganin ƙiba ne, eh shi ne cikin abin da ake kira sha ka fashe, amma wannan ba ƙiba ba ce ta lafiya, ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da ciki, ƙashi na lalacewa hawan jini na shigowa. Saboda yana da arha kuma ko'ina akwai shi mutane sun raina shi, alhali magani ne mai ƙarfi ƙwarai.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, a ƙasar nan ba kowane zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro ne korona ba. Lokacin rani akwai zazzaɓin Lassa, farkonsa haka yake kama, kuma shi ciwo ne da kan zo da zubar jini, ka ba irin wannan asfirin ko maganin tsinka jini ai ka ƙara masa. Farasitamol dai in akwai zazzaɓi, ruwa da yawa, sai gwaji.

Ummu Sadiq ta rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni tambaya ce da ni Dakta ka yi haƙuri na shigo tsakiya, na taɓa ji wai allurar Clexane ɗin nan daga alade ake yin ta, gaskiya ne? Don in haka ne ya kamata a riƙa gaya wa mutane, mahaifiyata an mata ita bayan tiyata ba wanda ya ce mana komai, abin ya daɗe yana damuna.

Likita Daga Arewa ya rubuta:

Hajiya Ummu Sadiq gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Hefarin da ake amfani da shi yau galibinsa daga hanjin alade ake tatso shi, a tace a sarrafa, Clexane kuma daga hefarin ɗin ake yanko ta. Kuma na yarda da ke ya kamata a riƙa faɗa, haƙƙin mara lafiya ne ya san abin da ake sa masa. Akwai wata allura fondafarinus wadda haɗin ɗakin gwaji ce ba dabba a ciki, sai dai tana da tsada ba ko'ina ake samu ba, ba ta dace da mai raunin ƙoda ba, kuma in jini ya ɓalle hefarin yana da maganin da ke karya shi wato furotamin, ita ba ta da irinsa. Ɓangaren hukunci na bar wa malamai.

Almajirin Malam ya rubuta:

Ni ba mufti ba ne ɗalibi ne, amma ƙa'idar sananniya ce a fiƙihu cewa larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar. Ayar da ta haramta mushe da jini da naman alade a Baƙara, aya ta 173, ita ce kuma ta ce wanda ya matsu ba da zalunci ko ƙetare iyaka ba babu laifi a kansa. Mutum na kwance numfashi na neman gagararsa, likita amintacce ya ce ga abin da zai kare shi kuma babu madadin da ke hannu, ban ga wurin tsayawa gardama ba. Hajiya ki kwantar da hankalinki kan mahaifiyarki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma don Allah ya tambaya allurar na tafiya, kar a dakatar da ita ana jiran amsa.

Sista Mai Dare ta rubuta:

Ƙanina Ɗan Gwammaja, tunda ku ne masu jinya ga abin da za ku taimaka mana da shi, don mu nas ɗaya ce kan gadaje da yawa ku kuma idonku na kan mutum ɗaya.

Wurin allurar nan zai riƙa yin ɗan shuɗi-shuɗi ko baƙi kamar kwabo, wannan ba komai, kar dai a murza wurin bayan an yi kuma a riƙa canja gefe. Abin da za ku kira mu da gudu shi ne in kun ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari, ko fitsari ja, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko dasashi na jini, ko ciwon kai mai tsanani da rikicewar magana. Ta ɗaya ɓangaren kuma ku riƙa duba ƙafafunsa safe da yamma, in ƙauri ɗaya ya fi ɗaya kumbura, da zafi, yana ciwo in an taɓa, don Allah kar a ce bari a matsa masa da man zafi, na san al'adarmu ce tausa ga mara lafiya amma a nan kuna iya ɓallo gudan ya tafi huhu. Ku faɗa mana kawai.

Ku ƙarfafa masa ya riƙa kwanciya rub da ciki in zai iya, filo ƙarƙashin ƙirji, ko gefe da gefe, sau da yawa da idona nake ganin lambar oksijin ta hau cikin mintuna bayan an juya mutum saboda bayan huhu ya samu ya buɗe. Ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa ko yana kwance. Kuma kar a kawo masa wani jiƙo ko maganin ciwon jiki daga gida a ba shi a ɓoye, muna ganin wannan sosai, jiƙon ba mu san abin da zai yi da allurar ba, su ibufurofen da diklofenak kuwa mun sani, jini suke jawowa.

Na Hajiya kuma in za ku iya ku samu 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin. A goge lalle mai duhu ko jan farce in akwai, hannu ya yi ɗumi, a jira lambar ta tsaya. In tana sauka ƙasa da 94 ku koma asibiti, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce ko da tana cewa ita lafiyarta ƙalau, don ciwon nan yana da wannan halin, oksijin ya yi ƙasa mutum na zaune yana hira. Kuma ku sani na'urar kan ƙara wa masu duhun fata lamba, wani bincike na jami'ar Michigan a Amurka a Disambar 2020 ya nuna baƙaƙen fata sun fi farare kusan sau uku samun ƙarancin oksijin da na'urar ba ta nuna ba. Saboda haka in lamba ta ce 95 amma kuna ganin tana haki ko ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ku bi abin da idonku ya gani.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, an kai Hajiya an duba ta sun ce ta koma gida a riƙa aunawa. Dakta ranka ya daɗe saura tambaya biyu. Yau an yi wa Baba gwajin da suka kira di-daima an ce ya hau, wani ɗan uwanmu yana cewa mu roƙi likita ya ninka allurar da deksan gaba ɗaya tunda suna aiki. Sannan in an sallame shi zai ci gaba da maganin jinin ne a gida?

Likita Daga Arewa ya rubuta:

Di-daima ɓurɓushin gudan jini ne da jiki ya narkar, in ya hau yana nuna ana haɗa gudaje ana rushewa a wani wuri, amma kusan duk mai ciwo mai tsanani nasa kan hau, tsufa ma na ɗaga shi, shi kaɗai ba ya cewa ga gudan jini a huhu. In likita na zargi sai a yi hoton ƙafa ko sikanin ƙirji, in an gani to nan dole a koma cikakken awo na magani ba na rigakafi ba, kuma wannan watanni ake yi ana sha, galibi uku ko fiye.

Batun ninka allurar ba tare da an ga gudan ba, nan ne abin ya ba likitoci mamaki su kansu. Manyan gwaje-gwaje uku da aka haɗa aka wallafa a Agustan 2021 sun nuna cikakken awon hefarin ya ɗan taimaki waɗanda ke ɗakin jinya na gama-gari kan oksijin kaɗan, amma waɗanda suka riga suka kai sashen kulawa ta musamman bai taimake su ba sai ƙarin zubar jini, kamar dai an makara ɓarnar ta riga ta auku. Saboda haka tambayar da ɗan uwanku ya kawo ba shirme ba ce ga mai matsayin Baba, ana iya tattaunawa da likitansa, amma shi ne ya san ƙodarsa da yawan ƙwayoyin daskarar da jininsa da shekarunsa da ko ya taɓa olsa ko shanyewar ɓarin jiki, waɗannan ne ke yanke hukunci ba lambar di-daima ba.

Deksa kuwa a'a, kar a ninka. RECOVERY sun gwada miligiram 20 a kan masu oksijin na hanci kawai, aka dakatar da wannan ɓangaren don mutuwa ta ƙaru, kashi 19 a kan 12. In kumburi ya ci gaba duk da deksa, oksijin da yake buƙata na ƙaruwa, gwajin kumburi na jini ya hau sosai, abin da ake ƙarawa wani magani ne daban, tosilizumab da ake sawa ta jijiya, wanda ya rage mutuwa daga kashi 35 zuwa 31 a gwajin, ko ƙwayar barisitinib da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Janairun 2022. Tosilizumab na da tsada sosai, kuma dole a tabbatar babu wata cutar bakteriya ko tibi a ƙasa kafin a ba da.

Bayan sallama yawanci ana tsayar da allurar in mutum ya tashi yana tafiya. Wasu ƙalilan masu haɗari sosai akan ba su ƙwayar tsinka jini ribaroksaban miligiram 10 na kwana 35, wani gwaji a Barazil ya nuna amfanin haka, amma zaɓaɓɓu ne ba kowa ba. Ku tambaya ranar sallama a rubuta muku a takarda me zai ci gaba da sha, me aka tsayar, da ranar dawowa.

Kuma kar wani ya karanta wannan ya ɗauka duk ciwon huhu na bairos haka ake masa. Murar fulu mai tsanani alal misali maganinta na farko oseltamibir ne da wuri, kuma ba a ba da sitiroyid haka kawai a cikinta sai da wani dalili kamar asma ko faɗuwar jini, don abin da aka gani tun annobar 2009 bai nuna yana taimako ba. Hajiya ma tunda tana da suga kuma tana farkon ciwo, ku tambayi likitan da ya duba ta ko akwai maganin bairos ɗin kansa irin Paxlovid a kusa, cikin kwana 5 na farko ake fara shi, kuma ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ya gani don yana karo da wasu magungunan hawan jini da na kitse.